Kwana shida a Santambul, tsakanin dilar kaya da hasumiyar masallaci

Kawuna ɗaya ne daga cikin alhazan Maraɗi masu fataucin tufafi, kuma kafin tafiyar da muka yi tare a watan Janairu 2025 ya riga ya je birnin Istambul har sau tara. Daren da muka sauka na tambaye shi ko ya taɓa shiga Aya Sofiya. Ya dube ni da gaske, ya ce: «Kantin wa ke nan? Me suke sayarwa?»

Kada mai karatu ya yi masa dariya. Tsakanin otel ɗin da ya saba sauka, a unguwar Laleli, da wannan gini da duniya ke tururuwar zuwa gani, tasha uku ce kacal a jirgin ƙasan cikin gari da suke kira taram. Sau tara yana wucewa ta gefen abin, idonsa na kan takardar lissafi. Kuma ba shi kaɗai ba. Tun ƙarshen shekarar 2012, da kamfanin jiragen saman Turkiyya ya buɗe hanyar Yamai, ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa sun mai da birnin nan tamkar Lome ko Kwatano. Ma'aikatan gwamnati ma ana tura su can taro ko ƙaro ilmi. Amma idan ka tambayi da yawa daga cikinsu me suka gani, amsar ba ta wuce filin jirgi, otel, kanti, da ofishin masu aika kaya.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kasuwa ba da kuɗin banza yake tafiya ba. Sau da yawa rabin jarin da ke cikin ɗamararsa na mutane ne: na ƙanen da ya sayar da sa, na hajiyar da ta ba da saƙo, na abokin da za a raba riba da shi. Kowane kwana da ya ƙara a otel yana cin wani abu daga ribar. Ga shi kuma mun zo ne ana saura ƴan makonni a kama azumi, kayan salla kuwa idan suka iso Maraɗi bayan an sauko idi sun zama kwantai. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan ka ce masa ya zo a je kallon tsofaffin gine-gine, kamar ka ce wa manomi ya bar gona ranar shuka ne.

Ni kuwa da aka ɗauko don in riƙa rubuta lissafi da yin tafinta, ina da wata ƙishirwa ta dabam. A lise an sa mu haddace shekarar 1453, ranar da Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin Kustantiniyya, wai daga nan ne Turawa ke ƙidaya ƙarshen tsakiyar zamaninsu. A gida kuma mun tashi muna jin sunan Santambul a bakin tsofaffi. Mutanen Agadas suna ba da labarin cewa kabilun Abzin ne suka aika wa Sarkin Santambul ya ba su ɗa ya mulke su, ya ba su Yunusa, wajen shekarar 1405. Masana tarihi suna ɗaukar labarin da taka-tsantsan, tun da a wannan shekara Turkawa ba su ma ci birnin ba tukuna. Abin da ke rubuce kuwa shi ne Mai Idirisa Aloma na Barno ya yi musayar manzanni da Sarki Muradu na Uku a shekarun 1570. Saboda haka na ƙudura a raina ba zan koma Nijar ban ga garin ba, ko da kawu zai yi fushi.

Inda lokaci yake ɓuya

Laleli unguwa ce da ta cika da kantunan sari, bene a kan bene, daga titin taram har gangarawa wajen teku. Ta bunƙasa ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da ƴan Rasha da maƙwabtansu suka riƙa zuwa suna cika akwatuna da tufafi, daga baya Larabawa da ƴan Afirka suka biyo sahu. Ba a sayar da riga ɗaya ɗaya. Seri ake saye, wato samfur guda daga ƙaramin awo zuwa babba. Ka zaɓa, a yi ciniki da injin lissafi a tsakani, ka ba da kafin alƙalami, a ce ka dawo gobe ko jibi. Daga nan a kai kayan ofishin masu aikawa, waɗanda kowa ke kira kargo, a auna da kilo, a ɗaure. Mai neman sauƙin farashi yakan ƙara gaba zuwa Merter, mai neman kaya masu daraja ya haura Osmanbey.

Kwana biyu na farko na yi ina lura, sai na gane cewa ranar ɗan kasuwa cike take da ramuka. Kantuna ba su buɗewa sosai sai wajen ƙarfe 9 ko 10. Bayan an ba da oda akwai jira. Ran Lahadi yawancin masu sari a rufe suke. Duk waɗannan sa'o'i kawu yana cinye su ne a zauren otel, da shi da sauran fatake, ana shan shayi ana maimaita farashin dala. Na ce masa: «Kawu, ban roƙe ka kwana ko ɗaya ba. Sallar asuba kawai nake so mu canza wa masallaci.» Wannan bai iya ƙi ba.

Tun 2016 Turkiyya ta daina sauya agogo da sanyi, tana gaban Nijar da awa 2 duk shekara, don haka a watan Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8. Muka fita cikin duhu da sanyin da ya fi na hunturun Agadas cizo, muka hau tudu da ƙafa, tafiyar da ba ta kai minti 20 ba, sai ga mu a masallacin Sulaimaniyya.

An gina shi daga 1550 zuwa 1557, da umurnin Sarki Sulaimanu, wanda Turkawa ke kira Kanuni, mai tsara doka. Maginin shi ne Sinan, wanda ya rasu a 1588 bayan ya bar ɗaruruwan gine-gine a daular. Kabarinsa na nan a wata kusurwa bayan masallacin, ƙarami, ba ka ce na wanda ya yi wannan aiki ba ne. Cikin masallacin fili ne fetal ƙarƙashin ƙubba, muryar liman tana kai wa ko'ina ba tare da ya ɗaga ta ba. An ce Sinan ya tsara iska ta yadda hayaƙin fitilu zai taru a wani ɗaki saman ƙofa, a kankare shi a yi tawada. Ana kuma rataye ƙwan jimina tsakanin fitilu don korar gizo-gizo. Wannan ya ba kawu dariya, ya ce ashe jiminar dajinmu ta riga mu zuwa.

Abin da ya fi kama hankalinsa ban yi tsammani ba. Da gari ya waye muka zaga, na nuna masa cewa gine-ginen da ke kewaye duk na masallacin ne: makarantu, asibiti, ɗakin dafa wa matalauta abinci, masaukin baƙi, gidan wanka, da jerin kantuna waɗanda kuɗin hayarsu ke cikin abin da ke riƙe da sauran. Ya tsaya ya ƙirga ƙofofin kantunan da yatsa. Ya ce a garinmu mutum yakan gina masallaci da miliyoyi, shekara biyu bayan rasuwarsa a rasa mai biyan kuɗin lantarki. Daga farfajiyar baya ana hango ruwa da jirage da rabin birnin. A nan ne kawu ya fara ganin tekun garin da ya zo sau tara. Ƙarfe 9 da rabi muna cikin kanti, ba mu yi asarar ko dala ba.

Washegari muka yi azahar a Aya Sofiya. Sarkin Rum Jastiniyan ne ya gina ta majami'a daga 532 zuwa 537, wato kafin haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da shekara 30 da wani abu. Ta yi kusan shekara 900 tana coci, ta zama masallaci a 1453, gwamnatin Ataturk ta mai da ita gidan tarihi a 1934, sannan aka koma yin salla cikinta a watan Yuli 2020. Tsayin ƙubbarta daga ƙasa ya kai mita 55. Duk zamanan nan suna nan a jikin bango, manyan allunan da ke ɗauke da sunan Allah da na Manzo da na halifofi suna rataye kusa da zanen Kirista na dutse mai ruwan zinariya. Tun watan Janairu 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan yuro 25, wato jika 16 da ƴan kai na sefa, a hau da shi bene. Mai zuwa salla kuwa ta ƙofar masallata yake shiga, ba ya biyan kome. Daura da ita masallacin Sarki Ahmadu ne, mai hasumiya 6, wanda aka fara ginawa a 1609. Tsakaninsu tafiyar minti 5 ce.

Babbar kasuwar rufi, Kapali Carshi, mai titi 61 da kantuna wajen 4000, mun ratsa ta ne kawai a kan hanyar komawa. Kawu ya taya wani mayafi, ya ji farashi, ya ja hannuna. Kasuwar ƴan yawon buɗe ido ce. A je a ga rufinta da tsarinta, a bar kuɗi cikin aljihu. Ran Lahadi ma ba ta ci.

Ranar da na yi wa kawu asara

Sai in faɗi inda na yi kuskure, domin shi ne ya sa na rubuta wannan.

Na ci alwashin in kai shi fadar Topkapi, inda sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400 kafin su ƙaura zuwa sabuwar fada a tsakiyar ƙarni na 19. Muka je ran Talata da hantsi, muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe kowace Talata ba a buɗewa, abin da tambaya guda a otel da ta ishe ni. Awa biyu ta tafi a banza, kawu bai ce uffan ba, shirunsa kuwa ya fi faɗa zafi.

Maimakon in haƙura, na matsa mu koma ran Laraba. Ran nan ce kuma aka yi da wani mai kanti zai kai mana seri 40 na rigunan ƴan mata ofishin kargo da ƙarfe 11. Na ce ai mutumin ya san aikinsa, takardar oda na hannunsa, za mu riske su kafin a ɗaure. Kawu ya yi jim, sannan ya yarda.

Fadar ba wurin shiga a fito ba ce. Akwai layi a ƙofa, akwai layi a ciki, kuma mafi tsawo shi ne na ɗakin da ake ajiye amanoni masu tsarki, waɗanda aka fara tarawa bayan Sarki Salimu na Ɗaya ya ci Masar a 1517. A nan ake ajiye mayafin da ake dangantawa ga Manzon Allah cikin akwatin zinariya, da takubba, da baka, da gashin gemu, da tsofaffin makullan Ka'aba, da takubban da ake cewa na halifofi ne. Wasu kayan, irin sandar da aka ce ta Annabi Musa ce, mai karatu shi zai yi wa kansa hukunci. Ni dai na duba na wuce. Amma akwai alaramma zaune yana karatun Alƙur'ani, ana karɓa-karɓa, kuma an hana ɗaukar hoto, don haka mutane suna tafiya a hankali, ba hayaniya. Na waiga na ga kawu yana share ido da gefen rawaninsa. Ban iya ce masa lokaci ya ƙure ba.

Ba mu isa ofishin kargo ba sai bayan ƙarfe 2. An riga an auna, an matse, an naɗe diloli da leda da salatif. Kawu, da yake tsohon hannu ne, ya ce sai an farke ɗaya. Aka farke, sai ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku ba launin da muka zaɓa ba ne: mun ce ja da ruwan hoda da shuɗi, an cika mana da toka-toka da baƙi, irin waɗanda ba uwar da za ta saya wa ɗiyarta ran salla. Ko ganganci ne ko kuskuren yaran kanti, Allah masani. Aka kwance duka, aka mai da, aka yi ta ja-in-ja har dare. Mai kantin ya canza, amma mun biya ladan ɗauri sau biyu, kayan sun rasa tafiyar ran nan, mu kuma muka ƙara kwana guda a otel, muka biya tarar sauya tikiti. Da na tara lissafin, kallon Topkapi ya ci wa kawu ribar dila guda cur.

A daren ya kira ni ɗakinsa. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce: «Ɗana, abin da ka nuna mini yau ba ni mantawa da shi har in mutu. Amma kayan nan ba nawa ne ni kaɗai ba. Gobe in ka ga ana ɗaure kayan mutane, ko Sarkin Santambul ne ya kira ka, ka ce ya jira.»

Tun daga nan na riƙe ƙa'idar da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Akwai lokaci uku da ba a taɓawa: lokacin zaɓen kaya, lokacin biyan kuɗi, da lokacin aunawa da ɗauri. Abin da ya rage na asuba, da jiran oda, da maraice, da Lahadi, naka ne. Wurin da ke da layi da tikiti a bar shi sai ranar da kayan suka bar hannu. Kuma a tambayi ranar hutun kowane wuri tun kafin a sa takalmi.

Ga ma'aikacin gwamnati maganar ta ɗan bambanta, kuma ba zan yi masa sassauci ba. Shi ba jarinsa ke tafiya ba. Kuɗin guzurin da aka ba shi daga baitulmali suka fito, wato daga harajin wannan ɗan kasuwar da lamhon talaka. Duk mun san irin wakilin da ke sa hannu a takardar halarta da safe, ya sulale, ba a sake ganinsa sai wajen hoton rufe taro, ya dawo da akwatuna biyu da rahoton da ya kwafa daga na abokin tafiya. Wannan cin amana ne, ko da masallaci ya tafi. Amma na san kuma irin wanda ke kulle kansa a ɗaki daga tashi taro har safiya, yana cin garin rogo da ƙuli-ƙulin da ya zo da su don ya tara guzuri, ya dawo bai san yadda birnin mutum fiye da miliyan 15 ke kwashe shararsa ko jigilar ma'aikatansa ba. Shi ma ƙasa ba ta ci ribar tikitinsa duka ba. Injiniyan da ya ba da maraice guda ya shiga jirgin Marmaray, wanda tun 2013 ke ratsawa ta ƙarƙashin teku daga Turai zuwa Asiya, ya ga abin da ba a faɗa masa cikin zauren taro ba.

Gargaɗi biyu a taƙaice. Taksi a tsakiyar garin yana cin lokaci da kuɗi, ga cunkoso ga rigimar canji. A sayi katin Istanbulkart a zuba masa kuɗi, da shi ake shiga taram da bas da jirgin ƙasa da na ruwa. Sannan idan mai goge takalma ya wuce ka burushinsa ya faɗi, ka bar shi a ƙasa. Wanda ya ɗauka ya miƙa masa, za a goge masa takalmi da sunan godiya, a ƙare da neman kuɗi mai yawa.

Kwanan da aka ƙara

Ranar da asarar ta jawo mana ita ce kaɗai muka samu babu aikin kome. Kayan sun tafi da safe, takardar kargo na cikin aljihun kawu, jirginmu sai dare. Ni ban ƙara buɗe baki ba. Shi ne da kansa ya ce: «To, malamin tarihi, saura ina?»

Muka shiga taram zuwa Eminonu, muka sauya wani da ke bin bakin ruwa har unguwar Ayuba. A nan kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da ya sauki Manzon Allah a gidansa lokacin hijira zuwa Madina, wanda ya rasu yana tsoho cikin rundunar da ta zo yaƙin birnin nan a zamanin Mu'awiya. An gina masallacin farko a wurin a 1458, kuma nan ake ɗaura wa sababbin sarakuna takobi. Mutane cike, tsofaffi da yara, da tattabaru da kyanwoyi da ba mai korarsu. Kawu ya yi addu'a ya daɗe. Da muka fito ya ce ya yi hajji sau biyu, ya ga inda gidan mutumin nan yake a Madina, bai taɓa sanin cewa a bayan kantunan da yake sari yake kwance ba.

Da la'asar muka dawo Eminonu muka hau jirgin fito zuwa Uskudar. Minti 20 bai cika ba mun bar Turai mun taka Asiya, da kuɗin da bai kai na kabu-kabu biyu a Yamai ba. Daga tsakiyar ruwa ana ganin duk inda muka taka a jere bisa tudu: Topkapi, Aya Sofiya, hasumiyoyin Sarki Ahmadu, can baya Sulaimaniyya, ga kuma gadar da aka buɗe a 1973 ta haɗe gaɓa biyu. Wani yaro yana zagayawa da shayi cikin ƙananan kofunan gilashi, fasinjoji suna jefa wa tsuntsayen teku gutsuren burodi mai riɗi, suna cafewa a sama.

Kawu ya sayi shayi biyu, ya miƙo mini wayarsa ta salula ya ce in ɗauke shi hoto, amma in tabbata hasumiyoyin sun fito, don hajiya ba za ta yarda ba in ba ta gani ba. Na ɗauka. Ya duba, ya ce in sake, hularsa ta karkace. Sannan ya zaro takardar kargo, ya sa ni in sake karanta masa kilo nawa aka rubuta.